JAWABI A KAN RUWAN FAMFO DA BAN RUWAN CIYAWA

Wannan shi ne jawabin da shugabannin jam'iyyarmu suka gabatar a taron wata-wata a Zongon Kumasi. Mun buga shi domin 'yan'uwa waɗanda ba su sami damar halarta ba.

Malamai, Alhazai, masu unguwanni, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da samari, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode da kuka rufe rumfunanku da shagunanku kuka amsa kiranmu. Allah Ya saka da alheri.

Abin da ya tara mu yau, jama'a, maganar ruwa ce. Kowa ya ga hunturu ya shigo, sama ta ɗauke, ƙura ta tashi. Wanda duk ya fita da asuba zuwa masallaci ya ga jerin jarkoki da bokitai a bakin famfo, waɗannan jarkoki masu ruwan ɗorawa da mutane suka laƙaba wa sunan galan ɗin Kufuor. Waɗansu matan tun ƙarfe uku na dare su ke tashi su kama layi. Yarinyar da ya kamata ta kasance a makaranta da ƙarfe bakwai, sai ka same ta da hantsi tana fama da jarka a ka. Mai koko da ƙosai, da mai wake da shinkafa, da mai tuwon zafi, dukansu ba su ɗora tukunya sai sun sayi ruwa, ribar kuwa da ma ba ta taka kara ta karya ba.

To, a wannan lokaci ɗin kuma, in ka zaga sababbin unguwanni inda Allah Ya hore wa waɗansunmu suka yi gini, sai ka tarar da tiyo a kwance cikin ciyawa yana ta kwarara, babu kowa a kansa, har ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya gangara kwata. Wani kuma yaronsa ne ke wanke mota da shi, ya gama da mota ya koma kan daɓe. Ba mu zo don mu ambaci sunan kowa ba, gama har a cikinmu da mu ke zaune a gaba akwai masu irin wannan gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

SANARWAR MASU RUWA

Kun dai sani Kamfanin Ruwa na Gana ya kan fitar da sanarwa in rani ya yi tsanani. A farkon shekarar 2022 ya yi haka, ya ce ruwan koguna da madatsai ya ja baya, saboda haka za a riƙa raba ruwa bi da bi, unguwa unguwa. Ya kuma roƙi jama'a abubuwa kaɗan: a daina ban ruwan ciyawar ado barkatai da ruwan da aka tace domin sha, a riƙa wanke mota da bokiti maimakon tiyo, a rufe famfo in ba a amfani da shi, a gyara duk inda ke yoyo a cikin gida, in kuma an ga bututu ya fashe a hanya a kai rahoto. Da yawa daga cikinmu sun ji wannan a rediyo, suka ce maganar masu manyan gidaje ce, ba ta shafi Zongo ba. Mu kuwa mun duba mun ga babu wanda ta shafa kamar mu, domin mu ne a bakin layi.

Bari mu tuna daga inda ruwan nan ke fitowa. Birnin Kumasi yana sha ne daga madatsai biyu. Ta farko ita ce Owabi, wadda Turawa suka gina tun 1928. Ta biyu, babbar, ita ce Barekese a kan kogin Offin, wadda aka fara aikinta zamanin Shugaba Kwame Nkrumah. Mutanen Ankara kuwa suna sha daga Weija a kan kogin Densu da kuma Kpong a kan kogin Volta. To, a ƙidayar 1960 mutanen Gana duka miliyan 6.7 ne. A ƙidayar 2021 sun kai miliyan 30.8. Watau bakunan da ke sha sun ninka fiye da sau huɗu, amma Offin da Densu suna nan yadda Allah Ya halicce su, ba su ƙara faɗi ba. Har ma an sare itatuwan da ke kewaye da madatsan, an yi gine-gine da gonaki a gefensu, laka tana gangarowa tana cike su.

Ga kuma masifar haƙar zinariya ta ɓarayin hanya, wadda a ke kira galamsey. Ta mayar da Offin da Pra da Birim da Ankobra kamar kunu. A shekarar 2024 mutanen Cape Coast da Elmina sun sha wuyar ruwa ƙwarai, domin ruwan Pra ya yi kaurin da injin tacewa ba ya iya sarrafa shi yadda ya kamata. Kowace lita da ta iso famfonka, an jawo ta da inji, an zuba mata alam ta kwanta, an tace ta, an sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta, sa'an nan aka turo ta da lantarki. Irin wannan ruwa ne mu ke zuba wa ciyawa wadda ko akuya ba a bari ta ci.

LISSAFIN 'YAN KASUWA

Mu mutanen ciniki ne, to, mu yi lissafi. Tiyo in aka sake shi, ko abin nan mai juyawa yana fesa ruwa, ya kan zubar da abin da ya kai lita 1,000 cikin sa'a guda. Jarka mai cin lita 25, sai an cika arba'in kafin a sami wannan. Ku dubi mace guda ta yi sawu arba'in daga famfo zuwa gida, kwana nawa ke nan? Masanan lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta mutum yana bukatar lita 50 zuwa 100 a yini domin sha da girki da wanka da wanki da tsabta. In mun ɗauki 50, ruwan da tiyo ya zubar cikin sa'a guda ya ishi mutum ashirin yini guda cur. Gidan haya ɗaya ke nan a Zongo, da iyaye da 'ya'ya da baƙi.

Ciyawar ado kuma, in ana so ta zauna shar da rani, kowane murabba'in mita ya kan sha wajen lita 25 a mako. Fili mai tsawon mita goma da faɗin mita goma zai sha lita 2,500, watau jarka ɗari kowane mako. In kuwa da tsakar rana aka ba ta, rana da iskar hunturu su kan kwashe kashi mai yawa kafin ya kai ga saiwa.

Kada kuma mu na cikin Zongo mu ce mun kuɓuta don ba mu da ciyawa. Famfon da ke ɗiga, ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, ya kan zubar da kusan jarka guda kafin gari ya sake wayewa. Famfo nawa ne ke ɗiga a gidajenmu da masallatanmu, an ɗaure su da tsumma ko roba, wata da watanni? Da yayyafi kogi kan cika, ta haka kuma tanki ke ƙarewa.

ABIN DA YA FARU A WAƊANSU ƘASASHE

Wannan magana ba a Gana kaɗai a ke yin ta ba. Birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya yi shekara uku a jere, daga 2015 zuwa 2017, ruwan sama bai sauka yadda aka saba ba. Madatsansu suka kusa ƙafewa. Hukumar birni ta haramta ban ruwan lambu da ciyawa da wanke mota da ruwan famfo gaba ɗaya. Daga ranar 1 ga Fabrairu 2018 aka yanka wa kowane mutum lita 50 a yini, mai kuɗi da talaka. Aka kuma sa rana a watan Afrilu, aka ce in ruwan madatsai ya sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari za a rufe famfunan gidaje, kowa ya tafi ya bi layi a wurare wajen 200 ya karɓi lita 25. Da mutane suka ga abin da gaske ne, sai suka ɗaure ɗamara, suka rage abin da birnin ke sha a yini da fiye da rabi. Manoma ma aka rage musu nasu. Da wannan aka yi ta tura ranar gaba har damina ta sauka, ba a kai ga rufe famfo ba.

Ingila fa, ƙasar da kowa ya san ta da ruwan sama? A farin 1976 sai da aka rufe ruwan gidaje a waɗansu garuruwa, aka kafa famfo a bakin titi, Turawa suka fito da bokitai suna bin layi kamar yadda mu ke yi. A watan Agusta 2022 aka hana amfani da tiyo a birnin Landan, a 2025 kuma aka sake yin haka a yankin Yorkshire. Wanda ya karya dokar ana iya cin sa tara har fam 1,000. 'Yan'uwanmu da ke zaune can sun ga wannan da idonsu. Amma ku lura, ba a hana mutum ya ɗebi ruwa a buta ko bokiti ya ba shukarsa ba. Tiyo aka hana, gama sun san wanda ya ɗauki ruwa da hannunsa ba ya ɓarna da shi.

A Amurka kuma, birnin Los Angeles ya kafa doka a watan Yuni 2022 cewa kwana biyu kaɗai a mako mutum zai ba ciyawarsa ruwa. Gidan da lambarsa ta ƙare da mara, Litinin da Jumma'a. Wanda tasa ta ƙare da cika, Alhamis da Lahadi. Tsakanin ƙarfe tara na safe da ƙarfe huɗu na yamma kuwa ba a yarda kowa ya yi ban ruwa ba.

To, in ƙasashe masu dukiya da injuna sun kai ga haka, mu me mu ke jira? Dattawanmu da ke nan sun tuna 1983, shekarar da fari da gobarar daji suka haɗu, ga kuma 'yan ƙasa da aka koro daga Nijeriya sun dawo, abinci ya gagara, ruwan Akosombo ya ja baya har lantarki ya yi wuya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

AMSA GA MASU CEWA

Mun san abin da waɗansu za su ce, gama mun riga mun ji shi a majalisa.

Wani zai ce, "Ai da kuɗina na ke biya, mita na ƙirgawa, ina ruwan wani?" Gaskiya ne ka biya. Amma bututun da ya shiga gidanka shi ne ya wuce zuwa gidan maƙwabcinka. Ruwan famfo da ƙarfin turi ya ke tafiya. Wanda ke kusa da babban bututu, ko wanda gidansa ke gangare, shi ke fara samu. Wanda ke kan tudu ko a ƙarshen layi sai abin da ya rage. In na farko suka buɗe tiyo, suka kuma sa inji yana zuƙa zuwa tankunansu, ƙarfin ya kan faɗi, famfon na ƙarshe ya yi ta huci babu ko ɗigo. Sa'an nan matarsa ta tafi ta sayi ruwan tanka ko na 'yan ga-ruwa, wanda ya fi na mita tsada nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan talaka ya fi ka biyan kuɗi a kan kowace jarka, ga shi kuma ya fi ka shan wuya.

Wani zai ce, "Ni rijiyar burtsatse gare ni, ba na taɓa ruwan gwamnati." Madalla, ka rage wa famfo nauyi. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. In ka yi ta zuƙa da inji dare da rana, tsohuwar rijiyar guga ta maƙwabta ita ce za ta fara ƙafewa. Da ma ka fito da famfo ɗaya waje ka bar mutane su ɗiba da safe, da ya fi maka ciyawa amfani duniya da lahira.

Wani kuma zai ce ciyawar da ya kashe wa kuɗi za ta mutu. Galibin ciyawar da a ke shukawa a ƙasar nan ba ta mutuwa da rani guda. Ta kan bushe ta yi ja, saiwarta na nan da rai, da ruwan Maris ya sauka sai ta farfaɗo. Wanda ya taɓa ganin filin ƙwallo a Janairu ya sake ganinsa a Mayu ya san haka.

Akwai kuma masu tsoron kada maganar ta taɓa abincinsu, watau masu lambun latas da kabeji da albasa, da samarinmu masu sana'ar wankin mota. Ku kwantar da hankalinku. Shukar da a ke ci daban ta ke da shukar kallo, kuma yawancin masu lambu da ruwan rafi ko rijiya su ke aiki. Masu wankin mota kuwa abin da mu ke roƙo shi ne su nemi ruwan rijiya, su yi aiki da bokiti, kada su bar tiyo na zuba suna hira.

Malamanmu sun sha karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan yi alwala da mudu guda na ruwa, ya yi wanka da sa'i guda, watau mudu huɗu. Mudun nan bai kai lita ɗaya ba. Mu kuwa sai mu buɗe famfon masallaci ya yi ta zuba tun daga wanke hannu har wanke ƙafa, famfo kuwa ya kan zubar da lita shida ko fiye a minti guda. Kowa ya san hukuncin almubazzaranci, ya kuma san haƙƙin maƙwabci. Sayyidina Usman ɗan Affan da dukiyarsa ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a su sha kyauta. Wannan shi ne abin koyi ga wanda Allah Ya ba wadata.

ABIN DA MUKA SHIRYA

Ba mu da 'yan sanda, ba mu da ikon cin kowa tara. Amma mun ga ya fi kyau mu kafa wa kanmu ƙa'ida da yardarmu tun kafin wata rana a kafa mana ita da tilas. Shugabanni sun zauna da limamai da wakilan mata, ga abin da aka amince a kai, daga farkon Disamba har ruwa ya zauna sosai:

1. Kada ɗan jam'iyya ya ba ciyawar ado ko furanni ruwan famfo da tiyo. Mai son ya raya furanninsa ya yi amfani da ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi, ko ruwan ɗauraya wanda sabulu bai yi masa yawa ba.

2. Itatuwa kuwa kada a bari su mutu, musamman ƙananan da aka dasa bana, irin su mangwaro da darbejiya da zogale, gama inuwarsu ta kowa ce. A ba su ruwa da bokiti a gindi, sau biyu a mako, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A rufe gindin da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa domin laima ta daɗe.

3. Mota da babur a wanke su da bokiti. Bokiti biyu sun ishi ƙaramar mota. Daɓe da ƙofar shago a share da tsintsiya, a yayyafa ruwa kaɗan saboda ƙura.

4. A kowane masallaci a koma ga buta. Inda aka riga aka jera famfuna, a sa mutum guda ya riƙa duba su kowace Jumma'a. Ruwan alwala kuma a yi masa hanya zuwa gindin itace ko a tara shi a duro, maimakon ya tafi kwata.

5. Masu gidajen haya su gyara famfo da tankin bayan gida da ke yoyo cikin mako guda da aka gaya musu. Masu aikin famfo daga cikin 'yan jam'iyya sun yi alkawari za su duba masallatai da makarantun allo ba tare da kuɗin aiki ba, jam'iyya za ta sayi kayan gyara.

6. Wanda ya ga bututu ya fashe a hanya ya sanar da ofishin ruwa nan da nan, ya kuma gaya wa mai unguwa. Kada ya wuce yana cewa wani zai faɗa.

7. Kafin damina mai zuwa, duk mai rufin kwano ya yi ƙoƙari ya sa indararo da duro ko tanki. Ruwan sama milimita goma a kan rufi mai murabba'in mita 100 lita 1,000 ne, jarka arba'in, kyauta daga Allah. A rufe bakin duron da kyau saboda sauro.

Muna roƙon Alhazai da manyan 'yan kasuwa su fara, domin ku a ke kallo. In yaro ya ga ciyawar gidan Alhaji ta yi ja, ya tambaya aka ce masa saboda maƙwabta ne, ya sami karatun da ba zai manta ba. Muna roƙon iyaye mata, ku da kuka fi kowa sanin nauyin jarka, ku riƙa tuna wa mazajenku da 'ya'yanku. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya saɓa, ya same shi a keɓe ya yi masa magana da lalama, kada a mai da abin gori ko tsegumi a kasuwa. Maƙwabtanmu Tonawa da sauran kabilu, Kirista da Musulmi, bututu ɗaya mu ke sha da su, saboda haka mun wakilta mutum uku su kai wannan takarda ga shugabanninsu da kuma ɗan majalisar unguwa, ko sa yarda mu tafi tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A taron wata mai zuwa kowane mai unguwa zai tashi ya gaya mana famfo nawa aka gyara a wajensa, da masallatan da suka koma ga buta. Mai shawara ko ƙorafi ya kawo wa magatakarda kafin ranar.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu daga fari da ƙishirwa, Ya ba ƙasarmu Gana lafiya da zaman lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da suka kafa Zongon nan. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.